Inshorar tsohuwar mota mai daraja: amsa ga mai Peugeot 504 a Garwa

Tambaya: Wani ɗan'uwa daga Garwa ya rubuto cewa ya gaji Peugeot 504 ƙirar 1979 daga mahaifinsa. Ya kashe mata wajen sefa miliyan 4, tun daga inji har fenti da kushin, kuma ba ya fita da ita sai ranar Juma'a, ko Sallah, ko in dangi suna biki. Da ya je sabunta inshora ya nemi wadda za ta biya shi in motar ta ƙone ko an sace ta, sai wakilin kamfani ya ce masa motar ta tsufa, ta dole kaɗai za a sayar masa. Shi kuwa ya gani a intanet cewa a Turai tsofaffin motoci suna da inshora ta musamman mai sauƙin kuɗi. Yana so ya san ko ana samun irinta a nan, in kuma ba a samu, me ya kamata ya yi.

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan Baba da rahama, ya sa albarka a abin da ya bari. Sana'ata dillancin inshora ce a nan arewacin Kamaru, kuma wannan tambaya tana zuwa mini daga masu 504 da 404, da masu Mercedes 200 da 240D, da 'yan tsirarun da suka riƙe tsohuwar Land Cruiser. Abin da ka gani a intanet ba za ka same shi a shirye kan teburin wakili ba. Amma abin da ya ba waccan inshorar amfani, wato rubuta darajar mota a takarda tun kafin wani abu ya same ta, dokarmu ba ta hana shi ba, kuma ana samunsa in an bi ta inda ya dace. A kan wannan nake so ka tattara ƙarfinka.

Mu fara da takardar inshorar dole da ke manne a gilashinka. Kamaru da Cadi dokar inshora ɗaya suke bi, kundin CIMA (ƙungiyar ƙasashen Afirka mai tsara dokar inshora), wanda ya fito daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde ranar 10 ga Yuli 1992, ya fara aiki a Fabrairun 1995, kuma ƙasashe 14 ke amfani da shi yau, har da Nijar. Don haka abin da zan faɗa ya shafi mai mota a Marwa, ya shafi na Kuseri da na Njamena. Sashe na 200 na kundin ne ya wajabta wa duk mai mota inshorar ɓarnar da motarsa za ta yi wa wasu. In ka buge mai babur, ko ka rushe wa maƙwabci katanga, ko wanda ka ɗauka a mota ya ji rauni, kamfani zai biya, kuma iyalinka ma doka ta sa su cikin waɗanda ake biya. Mai tuƙi ba ya ciki. Motar ma ba ta ciki. Ko 504 ɗin ta ƙone ƙurmus a ƙofar gida, wannan takarda ba za ta ba ka ko dala ba. Kuɗinta ma babu ruwansa da kyan mota: hukuma ke tsayar da mafi ƙarancinsa, ana duban ƙarfin inji, da yankin da motar ke yawo, da aikin da ake yi da ita. 504 mai inji lita 2 dawaki 11 ce a takarda, ko tana ƙyalli ko an ɗaure bambarta da waya. Tun 2017 kuma kamfanin inshora ne ke karɓar kuɗin binyat, wato harajin mota na shekara, a Kamaru, a haɗe da nasa, shi ya sa mutum kan ga ya biya kuɗi mai kauri har ya ɗauka motarsa ma ta shiga.

Wakilin da ya ce maka ta tsufa bai zalunce ka ba, abin da ke littafinsa ya karanta maka. Inshorar lalacewar mota an gina ta ne a kan cewa farashin mota kullum sauka yake yi. A ɗauki kuɗinta tana sabuwa, a riƙa zaftare wani kaso duk shekara, abin da ya rage shi za a biya in ta salwanta. A takardar kamfani shi ne ake rubuta valeur vénale. A wannan lissafi motar 1979 ta daɗe da taɓo ƙasa, kuɗinta bai wuce na ƙarfen da za a ɗora a sikeli ba. Haka ma kayan gyara: in za a canza maka fitila, sai an cire kason tsufa daga kuɗin sabuwar, kuma a motar da ta haura shekara 40 wannan kaso shi ke cinye mafi yawan kuɗin. Da wakilin ya yarda ya sayar maka da cikakkiyar inshora a kan wannan tsari, da ka yi asara biyu, ka biya da tsada, ranar biya a miƙo maka abin da bai kai kuɗin fentinka ba.

Abin da ka gani na Turai kuwa gaskiya ne. Ƙungiyar FIVA, wadda aka kafa a 1966 don masu tsofaffin motoci na duniya, tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi in ta kai shekara 30, an kiyaye ta a kamanninta na asali, kuma ba ita ce ta zirga-zirgar kullum ba. Faransa tana ba irin wannan mota kat-giris, wato takardar rajistar mota, na musamman, bizit ɗinta, wato gwajin lafiyar mota, sai duk shekara 5. Jamus tun 1997 take ba ta lamba mai harafin H a ƙarshe. A Ingila motar da ta kai shekara 40 ana ɗauke mata harajin hanya da gwajin shekara-shekara. A Amurka kamfanin Hagerty, da ya fara da inshorar tsofaffin kwale-kwalen katako a 1984, ya zama babba ne a kan tsofaffin motoci. Sauƙin kuɗin yana da dalili. Sai ka nuna kana da wata motar ta kullum, wannan kuma tana kwana a gareji mai kulle, ba ta wuce kilomita kaza a shekara, ba a ba ta ga yaro mai sabon lasin. Kamfanonin can suna da dubban motoci irinta a littafinsu, suna da kasuwar gwanjo da ke fitar da farashi a rubuce. Mu a nan 504 ba ta gama zama motar aiki ba. Ta fito a 1968, Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har cikin shekarun 2000, kuma har gobe akwai masu dakon buhuna da fasinja a hanyoyin ƙauye. Kamfanin da ke Duwala, in ya ga "504, 1979" a takarda, waccan ce ke faɗo masa a rai, ba taka ba. Kada kuma ka ce za ka saya daga waje ta intanet. Sashe na 308 ya hana a yi wa dukiyar da ke cikin ƙasa inshora a kamfanin da ba shi da izinin aiki a ƙasar.

To, aikin da ke gabanka shi ne ka raba motarka da waccan a idon kamfani, kuma takarda ce kaɗai ke yin haka. Kalmar da za ka nema a kwangila ita ce valeur agréée, wato darajar da ku biyu kuka amince da ita. Ga yadda ake yi. Ka ɗauko ƙwararren mai kimanta mota, wanda kamfanin ya yarda da sa hannunsa. Ka tambayi kamfanin sunayen waɗanda suke aiki da su kafin ka biya kowa, don rahoton wanda ba su sani ba sukan ajiye shi gefe. Mai kimantawa na ƙwarai ba ya tsayawa kan ƙyallin fenti. Zai ɗaga bonet ya goge farantin ƙarfen da ke ɗauke da lambar shasi ya gwada da kat-giris harafi bayan harafi. Zai bi ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa ya san mastik ne aka cika ramin tsatsa da shi. Zai ɗaga kafet ya duba daɓen, ya shiga ƙarƙashi, ya duba ko injin nata ne na asali ko an dasa mata wani, ya ɗauki hotuna ta kowace kusurwa. Kai kuma ka kawo masa duk rasit ɗin da kake da shi. Na san bakanike da mai walda da mai kushin a garinmu ba su saba ba da rasit ba. Ka koma wurinsu su rubuta maka abin da suka yi da abin da ka biya, ko a takardar littafin makaranta ce, da kwanan wata da sa hannu da lambar waya. Hotunan da ka ɗauka a waya lokacin da motar take kwance babu inji, su ma hujja ce, ka fitar da su a takarda. Adadin da rahoton ya tsayar shi za a rubuta a shafin sharuɗɗan da suka keɓanta da kai, tare da lambar rahoton da ranarsa. In a baki aka yi maka alkawari, ko an rubuta adadin amma ba a rubuta cewa darajar amincewa ce ba, to darajar da ka faɗa da bakinka ce kawai, kuma ranar asara kai za ka kawo hujjarta. Ba a fafa gora ranar tafiya, motar da ta zama toka ba ta da shaidar da za ta bayar.

Ka fahimci iyakar ƙarfin wannan magana. Sashe na 31 ya ce diyyar da kamfani zai biya ba za ta wuce darajar abin a lokacin da asarar ta faru ba, domin inshorar dukiya ba hanyar cin riba ba ce. Darajar amincewa ba ta soke wannan ba. Abin da take yi shi ne ta juya nauyin hujja: maimakon kai ka tabbatar motarka ta kai miliyan kaza, kamfani ne zai tabbatar ba ta kai ba. A aikace wannan shi ne bambanci tsakanin a biya ka cikin 'yan watanni da ka shekara kana sintiri. Shi ya sa kuma rahoton ke tsufa. Ka sake shi duk shekara 2 ko 3, ko duk lokacin da ka yi mata babban aiki.

Ka shirya ranka, mai yiwuwa adadin da zai fito bai kai miliyan 4 ɗin da ka kashe ba. Kuɗin gyara daban, darajar mota daban. Farashin da kake gani a shafukan Turai ma kada ya ruɗe ka, domin masu tsadar can su ne 504 mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen sama, waɗanda Pininfarina ya yi wa jiki a Italiya. Salun mai ƙofa huɗu tana ƙasa da su nesa. Kada ka matsa wa mai kimantawa ya ƙara. In an sa fiye da ƙima ba da niyyar ha'inci ba, sashe na 33 ya ce iyakar ƙimar gaskiya za a biya, ka ga ka yi ta biyan kuɗin banza. In da ha'inci, ana iya rushe kwangilar har a nemi diyya a wurinka. Kada kuma ka rage don kuɗin shekara ya sauka, wannan ya fi cin mutane. A ce motar ta kai miliyan 5, ka yi mata inshorar miliyan 2 da rabi, wuta ta ci gabanta aka kimanta ɓarnar miliyan 2. Kai kana ganin miliyan 2 bai kai abin da ka sa ba, za a biya duka. Sashe na 35 ya ce a'a: rabin darajar ka ba kamfani, rabin ka riƙe wa kanka, don haka miliyan 1 za a ba ka, kafin ma a cire kason da kwangila ta bar maka.

Kafin duk wannan akwai abin da nake roƙonka ka fara gyarawa, tunda motar gado ce. Sunan wa ke kan kat-giris? In har yanzu sunan Baba ne, ranar biya kamfani zai nemi ya san wa zai ba, kuma ba zai ba ka don kai ke riƙe da makulli ba. In an yi rabon gado motar ta faɗo a kasonka, ka nemi takardar gado daga kotu, sauran magada su sa hannu, a mayar da kat-giris sunanka. In ba a raba ba, to miliyan 4 ɗinka ka zuba su ne a dukiyar tarayya, gara a zauna da 'yan'uwa a daidaita tun ana dariya. In motar haɗin Kaduna ce da ta shigo ta kan iyaka, ka nemo takardar duwan ɗinta, wato ta kwastan. In an taɓa canza inji daga fetur zuwa gas, wato dizal, ko an canza launi, a gyara takarda ta dace da abin da ido ke gani. Bizit kuma kada ya mutu.

Yanzu wane haɗari za ka saya wa kariya? A ganina gobara ce ta farko, kuma da tazara. Motar da ke fita sau ɗaya a mako ba ta cika karo ba, amma tana tsufa a tsaye. Zafin Garwa na Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40, yana busar da tiyon fetur har ya tsattsage. In ka lanƙwasa shi da yatsa za ka ga tsagar. Mota mai kafireto, in ta kwana biyu ba a tayar ba, sai a yi ta buga totur, wani ma ya cire murfi ya tsiyaya fetur da hannu, ga wayoyi masu shekara 40 da robarsu ta bushe, ga fis da wani ya taɓa naɗewa da takardar sigari mai ƙyalli don kada ya sake yankewa. Da haka tsofaffin motoci da dama ke tafiya. Inshorar gobara kuma tana cikin masu sauƙin kuɗi, kamfani ya fi saurin yarda da ita. Ka karanta ta da kyau, domin kwangiloli da yawa ba sa biyan wayoyi da na'urar da suka ƙone su kaɗai ba tare da wutar ta kama motar ba. Sannan in a garejin da take kwana kuke ajiye jarkokin zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a bakin hanya, ka fitar da su. In ba za su fitu ba, ka faɗa wa kamfani a rubuce, domin abu ne da ke ƙara haɗari, kuma mai bincike zai ga ragowarsu a cikin toka. Ka canza tiyon fetur duka, ka sa makunnin da ke yanke batir, ka ajiye tukunyar kashe gobara kusa da kujerar direba, ba a but ba. Waɗannan ukun in suna cikin rahoton mai kimantawa suna taimaka wa maganarka a wurin kamfani.

Sata tana biye. Ɓarawo bai cika ɗauke 504 gaba ɗaya ba, an san ta a gari. Abin da ake ɗauka shi ne abin da ya yi wuyar samu: fitilun gaba, bamba mai ƙyalli, tambarin zaki, kafireto. Yawancin kwangiloli kuwa satar motar gaba ɗaya suke biya, satar sassa sai an ƙara ta, kuma sau da yawa sai in an fasa gareji mai kulle. Ka sani kuma, wanda ka ba makulli da hannunka ya ƙi dawowa, a wurin kamfani cin amana ne, ba sata ba, haka ma abin da ɗan gida ko yaron gida ya ɗauka, yawanci ba a biya.

Ruwa ma kada ka manta da shi. Wanda ya ga Binuwai a 2012, ko Njamena a 2022, ko Yagwa a 2024, ya san inda ruwa ke kaiwa. A yawancin kwangiloli ambaliya ba ta shiga cikin gobara ko sata, sai an rubuta ta da sunanta. In gidanka yana gangare ka nemi a ƙara ta, ko kuma daga Agusta zuwa Oktoba ka kai motar gidan ɗan'uwa a kan tudu, ka sanar da kamfani inda take kwana. Yaƙi da tarzoma da boren jama'a kuwa sashe na 38 ya fitar da su sai in an yi yarjejeniya ta daban, kuma kwangiloli sukan ƙara ta'addanci a kai. Wannan ba motar hanyar Mora zuwa Kuseri ba ce.

Inshorar karo ita ce mai tsada, kuma ita kamfani ya fi ƙi. Iri biyu ce: wadda ke biyan kowane haɗari ko kai kaɗai ka faɗa rami, da wadda ke biya in ka yi karo da mota ko babur ko dabbar da aka san mai ita. In an ba ka ta biyun a kan darajar amincewa da kuɗi mai sauƙi, karɓa, domin babura sun cika gari. In kuma a kan tsohon lissafin tsufa ne, bar musu. Abu biyu masu araha ne ba na so ka bari. Na farko kariyar da kamfaninka zai bi maka haƙƙinka in wani ne ya buge ka. A nan ma rahoton kimantawa zai yi maka aiki, don kamfanin wancan zai so ya biya ka kuɗin ƙarfe. Na biyu kariyar direba. Motar 1979 ba ta da jakar iska, kuma kai da ke riƙe da sitiyari kai ne wanda inshorar dole ta bari a waje.

Maganar biki kuma sai mun yi ta a fili. Ka ɗauki amaryar ƙanenka kyauta, wannan yawon gida ne, babu matsala. Amma mota irin taka, da zarar an gan ta a biki biyu za a fara zuwa da kuɗi. Ranar da ka karɓi jaka 20 don a ɗauki amarya ko a yi hoto, motar ta zama ta haya, rukuninta da kuɗinta sun canza. In ka ɓoye da gangan, sashe na 18 ya ba kamfani damar rushe kwangilar ya riƙe kuɗin da ka biya. In mantuwa ce, sashe na 19 ya ce a rage diyya daidai da gibin: ka biya jaka 100 inda ya kamata ka biya jaka 150, kashi biyu cikin uku za a ba ka. In kana da niyyar haya ka faɗa tun farko a sa mata farashi. Ka faɗi kuma wanda zai riƙa tuƙawa. A jerin gwanon biki ne ake miƙa wa matashi makulli, a cusa mutum takwas a motar mutum biyar. In aka yi haɗari direban ba shi da lasin, ko an yi lodin da ya saɓa ƙa'ida, kamfani zai biya waɗanda suka ji rauni, domin doka ta kare su, sannan ya juyo kanka ya nemi kuɗinsa.

In an zo rubuta kwangila, akwai ƙananan layuka da suka fi kuɗin shekara muhimmanci. A rubuta cewa ba za a cire kason tsufa a kayan gyara ba, ko a sa masa iyaka. A rubuta cewa in an yanke motar ta mutu kana da damar riƙe gawarta a cire kuɗinta daga diyya. Giyabos da aksul da ƙofofin 504 suna da masu nema, kuma motar mahaifinka ce, ba za ka so ka ga an ja ta an kai wurin masu yanka ƙarfe ba. A bar maka zaɓin bakanikenka, don garejin da kamfani ke hulɗa da shi ya fi sanin motocin kwamfuta. Ka duba kason da kai za ka ɗauka a kowace asara, in ka yarda ya ɗan yi yawa kuɗin shekara yana sauka. Ka tambaya kuma me zai faru in wuta ta tashi motar tana wurin gyara. Sashe na 201 ya wajabta wa masu gyaran mota su yi tasu inshorar, amma bakaniken da ke ƙarƙashin darbejiya ba shi da ita, don haka kada motarka ta riƙa kwana a can.

Kan iyaka ba shi da wuya. In za ka haye gadar Ngeli zuwa Njamena, katin inshora ruwan hoda na CEMAC, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Tsakiya, yana ɗauke da kai a ƙasashen ƙungiyar 6, amma ɓarnar da ka yi wa wasu kaɗai ya shafa. Gobara da sata sai ka duba ƙasashen da kwangilarka ta lissafa. Yola ko Mubi ko Maiduguri kuwa wannan katin ba ya aiki, Najeriya tana tsarin katin ruwan ƙasa na ECOWAS, sai ka yi wata inshorar kafin ka shiga.

Na san wasu za su tsaya a kan halacci, kuma tambaya ce ta gaskiya. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a Jidda a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, ta taimakekeniya ita ce mafita. Ta dole malamai da yawa sun yi mata uzuri saboda tilascin hukuma. Gobara da sata kuwa zaɓinka ne, don haka ka kai wa malaminka kwangilar ya gani. Takaful, wato inshorar taimakekeniya ta Musulunci, wanda kamfaninsa na farko ya buɗe a Sudan a 1979, CIMA ta fitar masa da ƙa'ida a 2019. Ka tambayi dillalinka ko akwai mai yin sa da zai karɓi motarka. Maganar darajar amincewa ɗaya ce a can ma.

Wakilin unguwa ba shi da ikon canza ko layi ɗaya a kwangila, sai sashen da ke karɓar haɗari a hedikwata, galibi a Duwala. Don haka ka haɗa fayil ɗinka, kat-giris da sunanka, bizit, rahoton kimantawa, hotuna har da na garejin da ƙofarsa, da kat-giris na motarka ta kullum, ka ba dillali mai izini ya kai wa kamfanoni biyu ko uku. In kana da wata inshorar a kamfanin, ta shago ko ta motar aiki, ka ambata, tana buɗe ƙofa. Ka saya ta shekara guda. Inshorar wata ɗaya ko uku tana burge mai motar Sallah, amma wuta da ɓarawo sun fi samun motar a lokacin da take ajiye. Kuɗin kuma ka biya shi duka ka karɓi rasit na kamfani, domin tun gyaran da aka yi wa sashe na 13 a 2011, kwangila ba ta fara aiki sai an biya. In duk sun ƙi darajar amincewa, kada ka sayi cikakkiyar inshora a kan lissafin tsufa don kawai ranka ya kwanta. Ka tsaya a ta dole da kariyar direba da ta bin haƙƙi, ka riƙe rahotonka, sauran kuɗin ka sa su a rufin gareji da ƙofar ƙarfe da sabuwar waya, ka riƙa ware wani abu duk shekara da sunan motar.

In kuma ƙaddara ta faɗa, Allah ya kiyaye, ka sanar da kamfani a rubuce ka karɓi kwafi mai hatimi. Sashe na 12 ya ce wa'adin da kwangila za ta ba ka ba zai gaza kwana 5 na aiki ba, na sata kuwa awa 48 ne, kuma sai da takardar ƙara daga 'yan sanda ko jandarmomi. Kada ka bari a ja motar, ko a kwance ko ƙusa ɗaya, kafin mai kimantawar kamfani ya gani. In adadin da ya kawo bai gamshe ka ba, kwangiloli sukan ba ka damar ɗauko naka, in sun saɓa a kira na uku ya raba. Sashe na 28 ya ba ka shekara 2 daga faruwar abin ka nemi haƙƙinka, bayan nan ƙofa ta rufe, don haka in ka ga ana jan ka da "dawo gobe", ka aika wasiƙa mai rajista ka ajiye shaidar karɓarta.